Kafar Allura

Shekara uku ina rigima da kafar allura.
In lashi zare, in murza, in ɗaga wajen taga,
zaren ya bi ta gefe kamar mai gudun bashi.
Sai in kira Zuwera, jikata,
ta zura shi ko kallo ba ta yi,
ƙosai na ɗaya hannun.
Ranar da take makaranta
kekena hutun dole yake har azahar.

Mumuni, ɗana, yana can ƙetaren teku.
Duk Juma'a sai ya bugo:
Baba, ƙara haƙuri, gida na tafe,
mai bene, mai famfo har cikin ɗaki.
In ce Allah Ya kawo,
in ajiye waya, in koma lasar zare.

Wata Talata na shiga Kejetiya neman maɓallai,
ruwa ya tsare ni a wata rumfa.
Mai rumfar, Ofori, ba ya jin Hausa,
ni kuma Asantancina na ciniki ne kawai.
Ya ga yadda nake miƙa hannu can nesa
kafin in gane takardar sidi biyar,
ya yi dariya, ya ɗora mini tabarau a hanci.
Na fari, ƙasa ta karkace.
Na biyu, hayaƙi.
A na uku na ga zanen tafin hannuna,
na ga tururuwa a bakin teburinsa
tana jan ƙwayar sukari, tana tsayawa, tana ja.
Ya ce ashirin da biyar. Na taya ashirin.
Kafin ruwa ya ɗauke mun rabu lafiya.

Abin bai zo da daɗi kaɗai ba.
A Aboabo, da na shiga gida,
na ce, Adiza, yaushe kika yi furfura haka?
Ta ce, tun kana ganina yarinya.
Na ga takardar kuɗin wuta ɓaro-ɓaro.
Na ga wuyan rigar Alhaji Isaka,
ɗinkina ne, ya karkace kamar hanyar maye,
Sallah biyu yana sa ta, bai taɓa ce mini uffan ba.
Da dare na warware, na sake, ban karɓi ko fesuwa ba.
Da asuba na buɗe ƙaramin Alƙur'anin mahaifina,
wasulla suka dawo mazauninsu ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga nan na zama mai bin ƙananan kaya.
Fitila mai caji, don in an ɗauke wuta
kada ɗinkin amarya ya kwana.
Fulas, ruwan alwala ya kai asuba da ɗumi.
Matashin soso a kan bencin
da ya ci ƙuguna shekara talatin.
Man keke ɗigo biyu a ƙyauren ɗaki,
kukan da ke tashin Adiza ya mutu a ranar,
har ta kasa barci don shiru.
Duka in an haɗa
ba su kai kuɗin buhun siminti biyu ba.

Gidan bene yana nan tafe, ban fid da rai ba.

Sai dai jiya Zuwera ta dawo da la'asar,
ta yar da jaka, ta nufo keke da gudu,
ta tarar da zare a kafarsa, ƙafata na taka feda.
Ta tsaya. Ba ta ce komai ba.
Ta fita, ƙosanta ma a kan benci ta bar shi.

Yau da na ji takunta a zaure
na zare tabarau, na cusa a aljihu,
na tsinke zaren da haƙori,
na ɗaga wajen taga ina lasa.
Zuwera! Zo ki taimaki tsoho.